Mai wayar mota na Bukoki: gilashin dama ne ya ƙi tashi, ya je ya buɗe ƙofar hagu

A unguwar Bukoki ta Yamai, idan ka saki kwalta ka shiga wani lungu mai yashi, akwai rumfar kwano inda wani dattijo yake gyaran wayar mota shi da yaransa. Babu allo, babu suna a rubuce. Direbobin taksi ne suka yi mini kwatancen wurin. Aikinsa wuta ce kaɗai: fitilu, batir, abin tada mota, gilashi. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa ƙafafu. Na kai masa Corolla tawa, ƙirar 2005, saboda gilashin ƙofar gaba ta dama, kuma ina ganin duk mai tsohuwar mota a Yamai yana da amfani ya ji yadda aikin ya tafi kafin ya zuba kuɗinsa a sayen moter ko makunni.

Ciwon motar mai ban haushi ne. Idan wanda ke zaune a dama ya danna makunnin ƙofarsa, gilashi yana sauka sumul. A ce masa ya tashi, ko motsi. Daga makunnin direba kuwa ba sauka ba tashi. Wani lokaci kuma, haka kawai, sai ya yi aiki lafiya lau, ka ce dama can lafiyarsa ƙalau. Gilashin da ya maƙale a sama wahala ne, musamman a watan Afrilu da zafin Yamai ke haura 40 kuma kilim ɗina ta daɗe da yin ritaya. Amma wanda ya maƙale a ƙasa ya fi shi muni. Ba ka iya barin motar a bakin makaranta ko kasuwa ka juya baya, kuma da zarar damina ta kama a watan Yuni, guguwar ƙurar da ke riga ruwa isowa za ta cika maka kujeru da jan ƙasa kafin ruwan ya zo ya kwaɓa ta.

Kafin in je Bukoki na biya wani garaji. Nan take suka kwance kwalin ƙofar dama, suka yage ledar da ke bayansa, suka ce moter ya gaji, in kawo jika 25 a sa mini na hannu. Gaskiya maganarsu ba shirme ba ce gaba ɗaya: moter da ya tsufa yakan iya saukar da gilashi ya kasa ɗaga shi, tunda a sauka nauyin gilashin yana taya shi. Sai dai ba wanda ya auna komai a cikinsu, kuma ba wanda ya iya gaya mini dalilin da ya sa makunnin direba ba ya ko saukarwa, alhali na dama yana saukarwa. Na ce su mayar da kwalin. Sun mayar, ledar kuwa ta tafi ke nan.

Dattijon Bukoki bai ɗauki turnabis ba da farko. Bayan gaisuwa ya zauna a kujerar direba, ya murɗa kontak, ya ce, "Malam, gaya mini wanne makunni ke aiki, wanne ba shi yi." Na gaya masa. Ya danna ɗan maɓallin nan da ke kulle gilasan fasinja, ya sake shi, ya sake gwadawa. Ya ce mutane da yawa suna zuwa masa da gilasai uku a mace, ashe yaro ne ya taɓa wannan maɓallin, kuma ba ya karɓar ko dala a kan wannan. Na tambaye shi ko fiyus ne. Ya ce a irin wannan mota gilasan duka a kan fiyus ɗaya suke, na amfiya 30; tunda na direba yana aiki, babu dalilin wahalar da akwatin fiyus. Sai ya buɗe ƙofa don fitilar rufin mota ta kama, ya sa ni in danna makunnin dama sama, shi kuma ya zuba wa fitilar ido. Idan wuta tana isa moter amma ya cije, yana jan wuta da yawa, fitilar takan ɗan dushe. Ba ta dushe ba ko kaɗan. Ya kara kunnensa a jikin ƙofar, shiru.

Sai a lokacin ya sa yaro ya cire kwalin. Ya zare soket ɗin moter, ya jawo wayoyi biyu daga wani batir da ke ajiye a ƙasa, ɗaya da fiyus a tsakiyarta, ya taɓa su a bakin moter. Gilashi ya sauka. Ya juya wayoyin, gilashi ya tashi da ƙarfinsa har ya buga sama. Ya dube ni ya ce, "To, Malam, jika ashirin da biyar ɗinka sun tsira."

Fizik nake koyarwa a makarantar sakandare, don haka abin da ya biyo baya ya fi komai burge ni. Moter ɗin gilashi wayoyi biyu gare shi kacal. Ka ba wannan wuta, waccan ta zama hanyar komawa, ya juya dama. Ka musanya su, ya juya hagu. Duk aikin makunni shi ne wannan musanyawar. Amma a Toyota irin tawa, makunnin dama yana da wutarsa da ke zuwa masa kai tsaye, hanyar komawar ce ba shi da ita. Mas ɗinsa, wato inda wutar ke komawa jikin ƙarfen mota, sai ya bi ta wayoyi biyu da suka ratsa ƙarƙashin tablo, suka shiga ƙofar direba, suka ƙare a babban makunni. An yi haka ne don direba ya iya sarrafa gilashin daga wurinsa, ya kuma iya kulle shi. Idan fasinja zai sauke gilashi, wutar tana komawa ta waya ta farko. Idan zai ɗaga, tana komawa ta ta biyu. Direba kuwa, ko sama ko ƙasa, sai da wayoyin biyu duka. Ka ga ke nan idan ɗaya ta tsinke, fasinja zai samu hanya ɗaya ya rasa ɗaya, direba ya rasa duka biyun. Ciwon motata ke nan daidai da daidai. Dattijon bai zana mini wannan a takarda ba. A yashi ya zana da tsinke, layi biyu da akwati biyu, kuma na fahimta tun kafin ya gama.

Saura a tabbatar. Ya ɗauko mita, na'urar auna wuta, ya sa bakinta a soket ɗin makunnin dama, a kan wayar da yake zargi, ya ce yaro ya danna daga wajen direba. Mita ta nuna bolt 12 cif. Na ce, "Baba, ai ga wuta nan tana zuwa." Ya yi murmushi ya ce, "Mita ba ta ɗaukar kaya, Malam. Bari mu ɗora mata kaya mu gani." Ya ciro wani ƙwan fitilar gaba mai wat 55 da ya liƙa wa wayoyi biyu, ya haɗa shi a daidai wurin da mitar take. Yaro ya danna. Zaren ƙwan ya ɗan yi ja, ja mai rauni, ko haske bai kai a kira shi ba.

Lissafin a bayyane yake ga duk wanda ya yi aji na fizik. Mitar dijital tana da turjiya ta kimanin om miliyan 10, don haka abin da take ja daga bolt 12 kusan kashi ɗaya ne cikin miliyan na amfiya. Ko bakunan waya biyu da suka tsinke suna ɗan shafar juna kawai, wannan ɗan mitsitsin zai wuce, mita ta nuna maka 12 ta kwantar maka da hankali. Ƙwan wat 55 kuwa yana neman amfiya huɗu da rabi da ɗoriya, kusan abin da moter ɗin gilashi ke ci yana aiki. Hanyar da ba za ta iya ɗaukar wannan ba, ba za ta juya moter ba. Na sha rubuta dokar Ohm a allo, amma ban taɓa ganin an nuna ta da kyau kamar yadda wannan ƙwan ya nuna ta ba, kuma na riga na yanke shawarar zan haɗa irinsa in kai aji.

Daga nan ya bar ƙwan a haɗe, ya zagaya ya kama ƙofar direba yana buɗe ta a hankali, yaro yana riƙe da makunni. Da ta kai rabi, ƙwan ya haska fau. Ya ƙara turawa, ya mutu. Ya dawo da ita, ya sake haskawa. Shi ne dalilin da ya sa gilashin ke aiki wani lokaci ba tare da an taɓa shi ba.

Tsakanin ƙofa da jikin mota akwai wata baƙar roba mai ninki-ninki, duk wayoyin ƙofa ta cikinta suke bi. Ya zame ta gefe da yatsa, ya fito da damin wayoyin. A ido ba abin da ya same su. Sai ya riƙa kama su ɗaya bayan ɗaya yana ja a hankali. Da ya zo kan ta huɗu ko ta biyar, robar jikinta ta miƙe ta sirance a wuri ɗaya, alamar babu tagulla a ciki. Ya yanka wurin da reza. Zaren tagullar duk sun rabu, bakunansu sun yi baƙi, wasu sun yi kore-kore. Kusa da ita akwai wata da fatarta ta tsage, rabin zarenta ya tafi. Ya ce ta makullin ƙofa ce, ita ma kwananta ya kusa. Akwai kuma ta uku da wani ya taɓa gyarawa tun kafin motar ta zo hannuna, an murɗe bakuna biyu an naɗe da sikoc, sikoc ɗin ya narke ya zama danƙo. Ƙofar direba ita aka fi buɗewa a kowace mota. Duk buɗewa da rufewa lanƙwasa ce ga waɗannan wayoyi a wuri ɗaya, kuma motar da ta ƙare ƙuruciyarta a sanyin Turai ta zo ta tsufa a ranar Sahel, robar wayoyinta ta bushe ta yi tauri, ba ta ƙara kare tagullar daga karyewa.

Yadda ya gyara shi ne abin da zan fi yaba masa. Na zaci zai haɗa bakunan biyu a nan inda suka tsinke ya liƙa da dalma. Ya ce a'a: inda aka sa dalma waya takan sandare, idan kuma wurin yana cikin robar da ke lanƙwasawa, za ta sake karyewa a gefen liƙin, wataƙila kafin wata damina. Ya cire kan batir tukuna. Ya sa yaro ya kwance kwalin ƙofar direba da murfin da ke gefen ƙafa, ya yanke kowace waya mai ciwo tun daga cikin ƙofa har cikin mota, ya zura sabuwa mai kauri ɗaya da tsohuwar, mai laushi da zare sirara da yawa, yadda mahaɗa ɗaya za ta zauna cikin ƙofa, ɗaya cikin mota, babu ko ɗaya a wurin lanƙwasa. Wayoyin daga wani tsohon damin wayar Toyota ya yanko su. Ya ce sun fi na nadi da ake sayarwa a shaguna, waɗanda wasunsu sai ka kankare ka ga farin ƙarfe ne aka shafa wa launin tagulla. Kowace mahaɗa ya liƙa ta da dalma, ya rufe da ɗan bututun roba mai tsukewa idan ya ji zafi, kuma bai jera mahaɗun a wuri guda ba, ya sa su gaba da baya don kada su goga juna. Da yaron ya kai hannu kusa da wani soket mai ruwan ɗorawa, ya daka masa tsawa: na jakar iska ne, ba a kai masa ƙwan gwaji, ba a wasa da shi.

Ya mayar da batir, muka gwada. Sama, ƙasa, daga dama, daga hagu, ƙofa a buɗe, ƙofa a rufe.

Tunda an riga an shiga, na ce ya duba na baya. Na hagu yana tashi da ƙyar yana kuka. Wannan ba waya ba ce. Ƙurar hunturu ce ta cushe robar da gilashi ke bi, har da guntun man inji da wani ya taɓa zubawa don ya yi santsi, ya kama ƙasa ya zama laka. Ya wanke hanyar da tsumma da ruwan sabulu, ya fesa man silikon, ya ce kada in yarda kowa ya sa mini giris ko baƙin mai a nan. Ya ƙara da cewa gilashi mai nauyi yana sa moter jan wuta fiye da ƙima, shi ke ƙona bakunan makunni a hankali, don haka ƙura ma tana da hannu a ciwon wuta. Na baya na dama kuwa ya daɗe a mace. Ƙwan gwaji ya haska sosai a soket ɗinsa, sama da ƙasa, wato wuta da mas duka suna isa. Ya ƙwanƙwasa jikin moter da ƙotar turnabis ana danna makunni, ya ɗan zabura ya sake tsayawa. Gawayin cikinsa, wanda ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, shi ne ya cinye. Nan kam ya ce moter ne, ba makawa.

Kuɗin aiki: jika 2 na bincike, wanda ya faɗa mini tun kafin ya taɓa motar, ya ce ko ban yarda ya gyara ba sai na biya shi, jika 6 na gyaran wayoyi uku da wanke hanyar gilashi. Na ga wani mai taksi yana ta mita a kan kuɗin binciken, wai ba a sa masa komai a mota ba za a karɓi kuɗinsa. Ni ina ganin a duk abin da na biya, waɗannan jika biyun ne suka fi yi mini aiki. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da suka saba shigowa ta Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, kayan gyara ba su da araha kamar da, sayen abu a kan zato ya zama asara mai ciwo.

Wurin yana da nasa aibu, kuma ba ƙarami ba ne. Idan kana sauri, kada ka je. Mota ɗaya yake kamawa, sai ya gama da ita, kuma yaransa ba su da izinin yanke hukunci. Idan ya tafi masallaci ko aka kira shi wani wuri, aiki ya tsaya cak. Na isa da hantsi, ban bar wurin ba sai bayan la'asar, kuma mafi yawan lokacin jira ne. Inuwar rumfar mota ɗaya take ɗauka, benci guda ne, mai jira yana bin inuwar katanga. Ba a ba da takardar shaidar biya, garantinsa na baki ne: "In ta sake, ka dawo." Yaron da ya cire kwalin ƙofar direba da ƙarfi ya fizge shi, ya karya ƴan maɓallan roba biyu da ke riƙe shi, yanzu kwalin yana ɗan kaɗawa idan na hau hanya mai gargada. Da na nuna wa dattijon, ya yi wa yaron faɗa, amma ba shi da sababbin da zai sa, ya ce in nemo. A ganina wanda ke buɗe ƙofofi kullum ya kamata a ce yana da gwangwani cike da irin waɗannan. Ledar ƙofar dama da wancan garajin ya yage kuwa shi ya lura da ita, ya yanko wata mai kauri ya manna, ya ce ita ke hana ruwan da ke gangarowa ta jikin gilashi ya jiƙa makunni da kwali. Wannan bai sa a lissafi ba.

Akwai kuma iyakar da shi da kansa ya ja. Ina zaune aka kawo wata babbar mota sabuwar yayi da gilashinta ya ƙi aiki. Ya duba fiyus, ya duba robar ƙofa, ya ce wa mai ita nan ya tsaya. A irin waɗannan motoci makunni ba ya aika wa moter wuta kai tsaye. Saƙo yake aikawa ta siririyar waya zuwa wata ƙaramar kwamfuta, ita ke ba da wutar. Ka ɗora wa wannan siririyar waya ƙwan wat 55, kana iya ƙona abin da ya fi gilashin tsada. Ya ce a kai ta wurin masu na'urar da ake haɗawa da kwamfutar mota. Abu ɗaya ya gwada masa kyauta: a motoci da yawa masu gilashin da ke tashi da taɓawa ɗaya, idan an cire batir sai sun manta iyakarsu, sai a ɗaga gilashin har sama a ci gaba da riƙe makunnin na ƴan daƙiƙoƙi kafin su dawo daidai. Bai yi aiki a wannan motar ba, mai ita ya tafi. Don haka idan motarka Starlet ce, ko Corolla, ko Carina, ko tsohuwar Hilux, irin waɗanda suka cika titunan Yamai, nan wurinka ne. Idan ta kwanan nan ce, ka je da sanin cewa wataƙila ya tura ka gaba.

Moter ɗin baya bai sayar mini ba, don ba ya ajiye kaya, kuma ina jin wannan na cikin abin da ya sa bakinsa ba ya saurin cewa a canza. Ya ba ni tsohon a leda, ya ce in je kasuwar Feray in nemo irinsa, in lura na dama da na hagu ba ɗaya ba ne, in ƙirga haƙoran ɗan giyar da ke bakinsa, in dubi siffar soket. Ya ce kada in biya sai mai kayan ya taɓa shi a batir a gabana, ya juya gaba ya juya baya, in kuma riƙe shi a hannu in ji ko yana karkarwa ko yana saurin zafi. Na samo na hannu a jika 12 bayan ciniki. Ɗaurawa ya ce jika ɗaya da rabi, in zo da sassafe kafin masu taksi su cika layi, ban da ranar Juma'a, don rabin yini yake yi.